Alkunyar da Na Yi wa Kawu a Aikin Taswirar Teku

Shekarun baya na yi aikin zana taswirar ƙasan teku a garin da ko rafi babu. Duk wanda na gaya wa haka sai ya ɗauka zolaya nake, amma gaskiya ce. A Riyad nake zaune lokacin, tsakiyar hamada, kuma aikina daga safe zuwa la'asar shi ne in kalli abin da ke kwance a gindin Bahar Maliya, kewaye da wasu tsibirai da ban taɓa takawa ba, har yau kuma ban taka ba. Babban ruwan da na sani kafin nan shi ne madatsar garinmu, ita ma daga bakin gaɓa nake kallonta, don ban iya iyo ba.

Wanda ya kai ni aminin marigayi mahaifina ne, Kawu muke ce masa. Tsohon mai zanen taswira ne, tun zamanin da ake yin ta da fensir da tawada a ma'aikatar safiyo a gida. Ya haura shekara ashirin a kamfani ɗaya a Saudiyya. Da na gama karatun safiyo na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya gaji da ni, shi ya yi mini hanya, ya tsaya mini har iƙama, wato takardar izinin zama, ta fito. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Al-Jaradiya, shi a gado ni a katifa, kuma tsohuwar motarsa ke kai mu ofis. Ranar da zan taso mahaifiyata ta riƙe ni a zaure ta ce, "Uba ka samu a can. Kada in ji, kada in gani." Na ce to.

Bari in ɗan bayyana aikin, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Inda ruwa bai da zurfi, hoton da ake ɗauka daga sama ya isa ya nuna abin da ke ƙasa. Amma da an ɗan nisa daga tsibiri, ƙasa ta gangara, haske ya fara kasawa, hoton sama ba ya ganin komai. Nan sai jirgin kamfani ya bi da wata na'ura mai aika sauti ƙasa tana sauraron dawowarsa. Sautin kan nuna inda tudu yake da inda kwari yake, inda ke da tauri da inda ke da laushi. Abin da ba ya iya faɗa shi ne ko taurin nan dutse ne tsirara ko murjani ne mai rai, halittar nan da ke girma a ƙasan teku da tauri kamar dutse. Saboda haka sai a zura kyamara da igiya, jirgi ya riƙa janta a hankali, a ɗauko bidiyo na sa'o'i, a aiko mana da shi Riyad, inda babban ofis yake.

Mu namu zama ne. Bidiyo ya ɗan yi tafiya ya tsaya, ka duba, ka danna lamba. Ɗaya yashi, biyu laka, uku tsakuwa da ɓaraguzan mataccen murjani, huɗu ciyawar teku, biyar murjani mai rai. Daga nan kwamfuta ta haɗa lambobinmu da abin da sauti ya nuna, ta shafe duk yankin da launi. Wato in ka danna yashi a wuri guda bisa kuskure, ita sai ta yaɗa kuskurenka a duk inda ya yi kama da wurin. Da taswirar ake yanke inda jirage za su saki anga, inda za a bi da bututu, da inda za a ce kowa ya bari. Wannan ɓangaren ba a ce mu damu da shi ba, mu ma ba mu matsa wa kanmu ba.

Doka ɗaya ce a aikin: kowane bidiyo mutum biyu ke kallonsa, kowa shi kaɗai, ba shawara. Ranar Alhamis, ƙarshen mako, shugabanmu ya ɗora lambobin wannan a kan na wancan. Inda aka saɓa, a zauna tare a sake kallo. Shugaban wani Basudane ne masanin halittun ruwa, dogo, mai sanyin magana, Duktur kowa ke ce masa. Ni da Kawu aka haɗa.

Kawu a lokacin ya doshi sittin. Kamfanin ya daina zanen hannu tuntuni, kujerar kallon bidiyon nan ita ce ta ƙarshe da ta rage masa. Wanda ya zauna a ƙasar ya san abin da hakan ke nufi: aikinka shi ne zamanka. In aiki ya tafi iƙama ta bi shi, kuma ba kafilin, wato ubangidan aiki, da zai ɗauki dattijo sabo fil. Shi kuwa 'yar autarsa tana tsakiyar karatun jinya a gida. Kullum maganarsa ke nan, "In ta gama, ni ma na gama. Shekara biyu kawai nake roƙon Allah."

Makonni biyun farko bidiyon kusa da gaɓa aka ba mu, ruwa garau, ba mu saɓa ba sai nan da can. A mako na uku aka shiga zurfi. Can komai shuɗi-shuɗi ne mai duhu, fitilar kyamara tana haska tsakiya kawai, gefe da gefe sai ka ƙura ido. Murjanin can ma ba irin mai rassan nan da ake gani a talabijin ba ne. Shimfiɗaɗɗe ne, launin ƙasa, kamar an kikkifa faya-fayai a tsakar gida. Ranar Alhamis Duktur ya ɗora takardunmu, ya ce mu jawo kujeru.

Ya tsayar da hoto, ya sa bakin alƙalami a kusurwar hagu. Ya ce wa Kawu, "Ya Hajj, ka danna yashi a nan. Wannan fa?"

Kawu ya matso, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, "Ruwan ne da duhu."

Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Ina! Ni da nake ɗokin a san na iya, sai na miƙa yatsa. "Ga wani ma can ƙasa. Ga wani a bayansa. In an koma baya kaɗan akwai guda uku a jere." Har bakwai na ƙirga, ina murmushi kamar wanda ya ci gasar karatu. Duktur ya ce, "Tamam, ya zol," haka Sudanawa ke kiran mutum, ya gyara takarda, aka tashi.

A mota Kawu bai ce uffan ba. Muka bi ta cikin cunkoson da haƙan hanyar jirgin ƙasa ya jawo a garin, kusan awa guda, rediyo ma bai kunna ba. Sai da muka tsaya a ƙofar gida ya kashe mota, ya ce, "Ka iya aiki. Allah ya ƙara basira." Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari Juma'a na kira mahaifiyata, kuma don wauta ba ta ƙare mini ba, na ba ta labarin ina ɗan taƙama. Ta ce, "Tsaya. A gaban baƙo ka yi masa haka?" Na fara bayanin dokar aiki, ta katse ni. "Ni ban san wani murjani ba. Mutumin da ya ɗauke ka daga zaman kashe wando, shi za ka tsaya kana ƙirga wa kuskure da yatsa? Ba a koya maka kara ba?" Ba na ɗora mata laifi ko kaɗan. Ita ba ta san aikin ba, ni na san shi.

Hanyar da na bi don kada mu sake saɓawa ba ta da wuya. Kawu ba ya shiri da kwamfuta, in ya gama kallonsa sai ya miƙe ya ce, "Ɗana, adana mini," ya tafi alwala. Sai in buɗe nasa in buɗe nawa. Duk inda ya sa ɗaya na sa biyar, in mayar da nawa ɗaya. Nakan bar saɓani biyu ko uku marasa ciwo don kada abin ya yi kyau da yawa.

Na san tambayar da ke bakinku, don duk wanda na ba labarin nan ya yi mini ita: me ya sa ban gyara nasa ya koma daidai ba, na ɓata nawa? Dalili biyu ne. Na ɗaya, Kawu yana da wani ɗan littafi da yake rubuta komai da fensir, ɗabi'ar tsofaffin ma'aikata, kuma duk Alhamis sai ya gwada takardar Duktur da littafinsa. Da na taɓa lamba ɗaya da ya gane. Na biyu, hannuna ba zai iya ba. In sa hannu a aikin dattijo a bayan idonsa, wannan raini ne. In ɓata nawa kuwa, ai nawa ne. Haka lissafin ya zauna mini a ka lokacin, kuma ya zauna daram. Na ƙara da cewa abin da ke ƙarƙashin ruwa mai wannan zurfi, wa zai nutse ya duba?

Abu ya yi kyau. Alhamis ta daina zama ranar fargaba. Duktur ya kalli takarda ya ce ma sha Allah, mu kama hanya. Kawu ya dawo da fara'arsa, har ya ƙirƙiro mana al'ada, duk Alhamis mu biya wani gidan abinci na Yamalawa mu ci shinkafa da kaza a tire ɗaya. Wata rana yana yagar cinya ya ce mini, "Ka gani ko? Da farko zumuɗi ne ke sa ka ganin murjani a ko'ina. Yanzu ka nutsu." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya tura mini ƙirjin kazar.

Abin da ban cika son faɗa ba shi ne, a watannin nan na san idon Kawu fiye da yadda shi ya san shi. Tunda kullum ina gwada nasa da nawa, dole in ga tsarin. Abin da ke tsakiyar hoto ba ya kuskure masa. Abin da ke gefen hagu, ko can ƙasa, kamar babu shi. In ruwa ya ƙara zurfi abin ya ƙaru. Har ta kai ina kallon bidiyo ina cewa a raina, wannan Kawu zai gani, wannan ba zai gani ba, in danna yadda zai danna tun kafin in buɗe nasa. Na ƙware ƙwarai, ba yabon kai ba.

Ba a ofis kaɗai ba. Sau biyu ya goga gefen hagun mota da shingayen da aka jera a hanya. A na biyun na karɓi makulli na ce, "Kawu, bai dace ina zaune kana tuƙa ni ba." Ya ji daɗi, har ya ba wani abokinsa labari a masallaci. In na kawo shayi na daina ajiye masa a hagu, don na ga ya taɓa shure kofi. Duk wannan na yi shi cikin ladabi, kuma ina jin kaina ɗan albarka. Sau ɗaya tak na kusanci maganar. Na ce, "Kawu, tabaraun nan bai tsufa ba kuwa?" Ya ce, "Lafiyarsa lau. Kai ba ka ganin takardar Alhamis?" Na yi dariya na bar zancen.

Wata takwas muka yi a haka. Muka gama kewayen tsibirai uku, taswira ta fito, kyakkyawa, aka manna ta a bangon ofis. Yashi ruwan ɗorawa, murjani ja. Arewacin tsibiri na biyu duk ruwan ɗorawa ne, faɗi guda, kuma na san aikina ne.

Abin da ban sani ba, don ban taɓa kai ƙarshen irin wannan aiki ba, shi ne ba a miƙa taswira sai an koma teku an gwada ta. A zaɓi wurare barkatai, a sake zura kyamara, a ga ko abin da takarda ta ce shi ne a ƙasa. Ashe akwai mai nutsewa ya duba. Duktur da kansa ya bi jirgin, ya yi mako biyu. Ya dawo rana ta ƙara masa baƙi, maganarsa ta ƙara sanyi.

Ranar Lahadi da safe ya kira mu. Ya sa yatsa a ruwan ɗorawan nan na arewacin tsibiri na biyu, sannan ya kunna sabon bidiyo. Jama'a, murjani ne shimfiɗe iya ganinka, wani kan wani, kifaye na shawagi a kai. Ya bar shi yana tafiya kusan minti biyar. Kawu ya ce, "Ikon Allah. To ko jirgin farko ba nan ya bi ba?" Da gaskiyarsa ya faɗa, har cikin ransa.

Duktur ya ce, "Nan ya bi. Na sake kallon tsohon bidiyon jiya." Ya juyo ya dube ni, ba Kawu ba. "Mutum ɗaya ya kuskure, na gane. Mutum biyu su kuskure wuri ɗaya, sau ɗari, wannan ban gane ba."

Ya ware bidiyo na rabin awa, ya kai Kawu wani ɗaki don ya kalla shi kaɗai, ya rufe, ya dawo ya jawo kujera ya zauna dab da ni da kofin shayinsa. Na riga na shirya in danna irin na Kawu, tunda na iya. Sai ya ture allon dannawar gefe ya ce, "Bar lamba. Nuna mini da yatsa, me kake gani?" To, lamba ana iya yi mata ƙarya. Amma mutum yana zaune kusa da kai, ku biyu kuna kallon abu ƙuru-ƙuru, ka ce ba ka gan shi ba? Na nuna. Na sake nunawa, shi kuma yana rubutawa. Yatsan nan dai da ya jawo mini magana da farko.

Da aka gama ya ɗora takardun biyu. Bai ma kira Kawu ba tukuna. Ya ce, "Ya zol, gaya mini." Na gaya masa duka, har zancen adanawa da alwala. Na yi ƙoƙarin fassara masa kara da Larabcina na kasuwa, na ce a wajenmu yaro ba ya kunyata babba. Ya ce, "Mu ma haka ne a wajenmu. Kana tsammani daga ina na fito?" Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na sa mutum biyu ne don in ɗaya ya fara kasawa a gane da wuri. Ba don taswira kaɗai ba. Don shi ma." Sannan ya ɗauki waya ya sa a yi wa Kawu takardar ganin likitan ido.

Ni na kai shi asibitin, bayan kwana biyu, wajen unguwar Al-Shifa. Na zauna a waje ina kallon masu shiga da fita. Ya daɗe. Da ya fito yana riƙe da leda mai ƙananan kwalabe na maganin ɗigawa, idanunsa na ruwa saboda abin da aka zuba masa. Na kama hannunsa zuwa mota, bai hana ni ba.

Sai da muka hau titi ya yi magana. Ya ce hawan jinin ido ne. Yana cin jijiyar gani a hankali, daga gefe yake farawa, ba ciwo ba ƙaiƙayi, shi ya sa mutum ba ya sani. Na hagu saura kaɗan, na dama an ci kusan rabi. Maganin zai iya tsayar da shi inda ya kai, amma abin da ya tafi ya tafi. Yana faɗa kamar yana karanta mini labarin wani.

Na ce, "Allah ya sawwaƙe, Kawu." Ya ce amin. Muka wuce danja biyu.

Ya ce, "Duktur ya gaya mini abin da kake yi." Na ce na'am. "Tun yaushe?" Na ce tun bayan ranar nan ta mako na uku. Ya ɗaga yatsu yana ƙirga watanni, ya kai takwas, ya sauke hannu.

"Likitan ya tambaye ni, a ce duk tsawon nan ba abin da ya sa na yi zargi? Na ce masa na yi. Tun bara nakan ji kamar duniya ta ɗan matse. Har na taɓa cewa in an yi hutu zan je a duba ni. To amma duk mako ana gwada idona da na yaro mai lafiya, kuma daidai muke fitowa. Sai in ce alhamdu lillahi, ashe ruwan ne da duhu." Ya juyo gaba ɗaya don ya gan ni da idon dama. "Likitan ya ce da na zo wata shida baya, da na hagun bai kai haka ba."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon tuƙi.

Ya ce, "Na san don ni ka yi. Ba na ce ka cuce ni ba. Amma ɗana, ranar nan da ka ƙirga mini bakwai a gaban Basudane, ranar ce kaɗai ka taimake ni, ni kuma na yi maka fushi." Daga nan ya ce in tsaya a kantin magani, akwai ɗaya da ba su da shi a asibitin. Bai sake tayar da maganar ba, a ranar ko bayanta.

Sauran abin ya tafi yadda irinsa ke tafiya. Duktur ya yi ƙoƙari, na shaida, ya nemi a ba Kawu wata kujera ko ta ajiyar takardu ce. Manya suka ce babu. Kwantiraginsa na ƙarewa ba a sabunta ba, aka buga masa bizar fita daga ƙasar ta dindindin. Ni kuwa, mai laifin, takardar gargaɗi aka ba ni aka bar ni, don ana bukatar wanda zai sake kallon bidiyon wata takwas, kuma idona lafiya lau. Aka haɗa ni da wani Bafilipine da ba ya yi wa kowa kara, ni ma ba na yi masa. Muka yi ta saɓawa muna sake kallo, taswira ta fito daidai, arewacin tsibiri na biyu ya koma ja.

Na raka Kawu Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da akwati biyu da kwali ɗaya. Shekara ashirin da ɗoriya, kayan ke nan. Ya ba ni makullin motar ya ce in sayar in aika wa 'yar autar, ya ce in gaishe da mutanen masallaci da bai samu sallama da su ba. Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce, "Haba, wuce nan." Ya bi layi, yana ɗan juya kai hagu da dama kamar mai neman wani, alhali hanya kawai yake dubawa. Yarinyar ta gama karatunta daga baya, da taimakon yayyenta, an ɗan sha wuya amma ta gama.

Na ƙara shekara uku a Riyad kafin na dawo gida. Yanzu ina aikin safiyon filaye, a kan busasshiyar ƙasa, inda in ka yi kuskure mai gona zai biyo ka har gida ya gaya maka. Abin ya daɗe da wucewa, ba na kwana da shi, ba kuma zan ce muku kullum yana raina ba. Amma ya canja mini hali guda. In na ga babba ya fara kuskuren da ba ya yi a da, ina faɗa masa. Ina jan shi gefe, ba a gaban mutane ba, wannan darasin mahaifiyata yana nan. Amma ina faɗa. Har an fara cewa a dangi wai ba ni da kara, wata gwaggona ma ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata saboda na ce a kai ta a duba kunnenta. Na ɗauka. Da na zauna na duba, alkunyar da na yi wa Kawu rabinta ba don shi ba ce. Don kada a sake yin shiru a mota ne, don in ci kazata ranar Alhamis hankali kwance, a ce mini ɗan albarka. Wannan ɓangaren shi ne har yau in na tuna nake jin kunya.

Kawu yana nan da ransa. Na hagun ya rufe gaba ɗaya, na daman yana ganin abin da ke gabansa daidai, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Duk sallah ina zuwa gaishe shi. Da muryata yake gane ni tun daga bakin zaure.

Sallar da ta wuce na same shi a ƙofar gida da wasu dattawan unguwa, suna kan tabarma. Na durƙusa na gaishe su. Ya lalubo kafaɗata ya dafa, ya ce musu, "Wannan ne ɗan nawa da nake ba ku labari, wanda muka yi aikin teku tare a Riyad. Wata takwas muna aiki kujera da kujera, bai musa mini ba ko sau ɗaya."

Dattawan suka ce, "Kai, ma sha Allah. Irinsu sun yi ƙaranci yanzu. Allah ya yi maka albarka, yaro."

Hannun Kawu dai na nan kan kafaɗata. Na sunkuyar da kai na ce amin.